Ganyen Rama a Shingen Hanyar Bici

Ko da tsufa zai sa in manta abubuwa da yawa, ba na jin zan taɓa manta ranar da kalma ɗaya tak ta kusa sa a tafi da mahaifina a bayan mota. Na sha ba 'ya'yana labarin suna dariya har da riƙe ciki, ni ma ina taya su, amma wallahi a ranar babu wanda ya ga abin dariya.

Zamanin soja ne, shekarun da sai an bi layi kafin a samu sabulu ko madara. Damina ta yi ta yi mana gardama, rumbunmu ya yi ƙasa, ga ƙannena birjik. Abin da ya riƙe gidan shi ne ɗan lambun da Baba yake nomawa a wajen Watari. Ni kuwa na gama makarantar 'yan mata ta kwana, aiki babu, ina zaune sai daka da wanke-wanke. A can makaranta wata malama ta taɓa koya mana yin katin gaisuwa da hannu, don haka da azumi ya kama sai na ce bari in gwada na Barka da Sallah, ko Allah zai sa a dace.

Kayan aikina duk tsince-tsince ne. Tsofaffin silifas nake wankewa, in yanka robar da reza, in sassaƙa wata da tauraro da rubutun gaisuwa, in manna a guntun katako ya zama hatimi. Rubutun kuma a juye ake sassaƙa shi, in ba haka ba ya fito a birkice. Tawada kuwa galura ce nake damawa da ƙaro, in jiƙa tsumman bargo a cikin gwangwani. Adon katin shi ne ganye: in shafa masa tawada ta bayansa, in kifa a kan farin kwali, in danna da tafin hannu, in ɗaga a hankali. Sai ka ga har ƙananan jijiyoyinsa sun fito ras. Na gwada darbejiya, na gwada zogale, amma babu kamar ganyen rama mai yatsu. In na buga shi da kore, ni kaina sai in tsaya ina kallo.

'Yan makaranta na Bici ne masu saye, kowa yana son abin da zai aika gida ko ya miƙa wa wadda yake so. Wasu sun fi son a buga a gabansu su zaɓi launi, shi ya sa a goman ƙarshe na shirya tafiya da komai nawa, har da ɗanyen ganyen rama cike da ƙunshi, na naɗe shi a jiƙaƙƙen tsumma. Baba ya ce ba zan tafi ni kaɗai ba. Ni ce 'yar fari, don haka bai taɓa kiran sunana ba, daga "ke" sai "yarinyar nan", hira kuwa ba ta haɗa mu. Amma shi ya tsinko mini ganyen da hannunsa, shi ya ɗauki ƙunshin har bakin titi.

Muka shiga a-kori-kura, rana tana dukan tsakar ka, kowa leɓensa ya bushe. Ba mu yi nisa ba muka tarar da shinge, an jera ganguna da katako mai ƙusoshi, ga masu kaki da bindigogi. Lokacin an kafa doka mai zafi a kan masu ƙwaya da wiwi, kullum rediyo zancen ke nan, wanda aka kama kuma sai dai iyalinsa su yi ta yawon cigiya. Aka ce kowa ya sauko da kayansa.

Wani matashi a cikinsu, idonsa jawur, ya zunguri ƙunshinmu da bakin bindiga. "Wannan na waye?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe," in ji Baba.

"Mene ne a ciki?"

"Ganye ne."

A makaranta na ji 'yan birni suna cewa wane ɗan ganye ne, na san wiwi kalmar take nufi a bakinsu. Baba kuwa, bawan Allah, ganye a wurinsa ganye ne. Na buɗe baki zan yi magana, matashin ya daka mini tsawa, ya juya wajen Baba yana wani murmushi. "Ganye ko? A ina ka samo?"

"Ni na shuka abina a lambu. Mai kyau ne, ba irin na kasuwa ba."

"Me kuke yi da shi?"

"Bugawa ake yi. Yarinyar nan ce gwanar bugawa. 'Yan makaranta har rububi suke."

Innalillahi! Na ga direbanmu ya ɗora hannu biyu a ka. Baba yabona yake yi, yabon da bai taɓa yi a gabana ba, bai san a bakinsu bugawa shan wiwi ne ba, rami yake haƙa mana. Matashin ya warware tsumman, ganye mai yatsu kamar na wiwi ya zube a ƙasa. Ya zaro kati ɗaya, ga hoton ganyen nan kore shar a tsakiya, ya ɗaga yana nuna wa 'yan uwansa, wai har talla muke bugawa. Da ya ga hatimai da rubutu a juye kuwa sai ya ce ga hatiman jabu ma, yau sun yi babban kamu.

Kafin in ankara an tura Baba ƙasa, hularsa ta faɗi a cikin turɓaya, an saka masa ankwa. Sai a lokacin direban ya raɗa masa abin da ake zarginsa da shi. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta sauya haka ba. "Wiwi? Ni?" Abin da ya iya faɗa ke nan. Aka matso da motarsu, aka buɗe bayanta, aka ce direbanmu ya kwashi fasinjansa ya ƙara gaba. Na dubi bayan motar nan, na tuna ƙannena, na tuna lambun da babu mai ba shi ruwa sai shi. Na san in ya hau, ba mu san ranar saukowarsa ba.

Na durƙusa ina rantsuwa cewa rama ce, ramar da ake kwaɗo. Wata tsohuwa cikin fasinja ta ce, "Haba ɗan nan, ko makaho ya shafa ya san rama ce." Matashin ya ce ta rufe masa baki ko ita ma ta hau. Sannan ya debi ganyen cike da hannu, ya miƙa saitin fuskar Baba. "To, tsoho, in rama ce cinye mu gani."

Ya san azumi ake. Da gangan ya yi. Baba tun da ya balaga bai taɓa shan azumi ba, ko shekarar da zazzaɓi ya kwantar da shi. Na ga ya dubi ganyen, ya dube ni ta wutsiyar ido, leɓensa yana motsi. Sai ya fara ɗago hannuwansa da ankwar.

To, ni a ranar ba na azumi, lalurar mata ta same ni. Amma a gidanmu wannan abu ne da ko Inna ba na iya faɗa wa da baki. Tashi nake in yi sahur da kowa, in wuni ina lanƙwasa kamar kowa, don kada Baba ya gane. A ce in ci abu tsakar rana, a bakin titi, a gaban maza, a gabansa? Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Har yau ban san lokacin da na miƙe ba. Na dai ga na fizge ganyen daga hannun mutumin nan na cusa a bakina.

Ɗanyar rama ba ta da daɗi. Ga tsami, ga yauƙi, ga ƙasar da ta kwasa. Ina taunawa hawaye na zuba, na haɗiye, na sunkuya na ƙara diba. Babu wanda bai gane ba. Mazan suka kau da kai, Baba ya sunkuyar da nasa har gemunsa yana taɓa ƙirji. Tsohuwar nan ta cire mayafinta ta kare ni, ta juya ta dubi matashin. "Ka ji daɗi? Ka tona wa yarinya asiri a gaban ubanta. Kai ba mace ce ta haife ka ba?"

Hayaniyar ce ta taso da babbansu daga gindin bishiya, wani dattijo mai furfura. Ya ɗauki ganye ɗaya, ya murza, ya shinshina, ya duba katin gaba da baya. Ya dube ni da koren bakina, ya yi sauri ya ɗauke ido. Sai ya juya ga matashin. Ya ce, "Kwance shi." Da kansa ya ɗauki hular Baba, ya karkaɗe, ya miƙa masa da hannu biyu. "Malam, a yi haƙuri. Amma daga yau in an tambaye ka, ka ce rama."

Har muka isa Bici Baba bai dube ni ba, ni ma ban ɗago ba. Ina ta tunanin da wane ido zan ƙara kallonsa. Da muka sauka sai ya ce in jira shi a bayan wata rumfa. Ya tafi, ya dawo da ruwa a kwanon sha da ya aro a wani gida, shi da azumi a bakinsa, maƙogwaronsa a bushe. Ya miƙo mini, ya juya baya, ya baza babbar rigarsa ya tsaya tsakanina da mutanen kasuwa.

"Sha," ya ce. "Babu mai ganinki."

Bai ƙara tayar da maganar ba har ya koma ga Allah. A ranar na koyi cewa kunya ado ce, kuma ban fasa riƙe ta ba, amma akwai lokacin da dole ka ajiye ta don wanda kake ƙauna. Na kuma gane cewa wanda kake jin nauyinsa ya fi kowa iya rufa maka asiri.