Wa ke leƙa hotunan amaryar nan?

Jiya ina cikin gyara hotunan wata amarya a shagona na Yerwa, sai na ga wata baƙuwar kwamfuta ta shiga foldar da nake ajiye su. Hotunan lalle ne kuwa, ko mayafi babu.

Manhajar gyaran hotona tsohuwa ce, ba ta aiki a kan sabon tsari, shi ya sa maƙwabcina Babagana ya saka min wata manhaja mai aiki kamar kwamfuta ta biyu a cikin laftof ɗina, foldar nan ke haɗa su. Na kira shi.

"Babagana, wa ka ba hanya?"

"Ya Falmata, kashe wayifai tukuna."

Na kashe, baƙuwar tana nan. Ya yi dariya ya ce, "Ai taki ce, ta biyun nan ta cikin laftof ɗin. Amma bari in mayar da haɗin tsakanin su biyun kawai, don a yadda yake, duk wanda ke kan wayifan shagunan layin nan zai iya buɗe foldar."

Ya gyara, na yi godiya. Sai dai shi ma fa kan wayifan nan yake, kuma shi ya haɗa abin tun farko.

Ku da kuka san kwamfuta, barin foldar a buɗe da ya yi mantuwa ce, ko in canza mai gyara?