Kawu Issufu da Dardumomin Gindin Dutse

Jama'a, yau saura kaɗan Kawu Issufu ya sa a kore mu daga dajin Fontainebleau na ƙasar Faransa!

Mun kai yara hawan dutse. A gindin kowane dutse ga 'yar darduma. Kawu ya ce, "Masha Allah, masallata ne, amma sun saki alƙibla." Sai ya bi dardumomin yana juya su gabas.

Wata tsohuwa mai kula da wurin ta taso a fusace. Ashe dardumomin na goge takalmi ne kafin a hau, don yashin takalmi yana cinye dutsen. Ta ce ba darduma, ba hawa.

Kun san kafet Kawu ke sayarwa. Ya buɗe bayan mota, ya ba kowa guntu.

Yanzu yara na saman dutse, tsohuwar na shan shayinmu.