Muryata a Wayar Direba

'Yata ta fari tana aiki a ofishin wani kamfani mai jigilar hatsi, kusa da kasuwa. An hana su taɓa wayar hannu a bakin aiki, shi ya sa in ina da magana sai in kira ta ofis. Ban san cewa akwai wata na'ura a ɗakin manaja da ke naɗe duk kiran da aka yi ba.

A lokacin ina fama da lalurar rashin riƙe fitsari, wadda ko ƙannena ban gaya wa ba. Ita kaɗai nake gaya wa, a hankali, har da ƙunzugun da za ta sayo mini a kemis.

Wata Laraba na hau Keke daga Dogo Nini na kai mata abinci. A bakin ƙofa direbobi sun kewaye waya ɗaya suna dariya. Sai na ji muryar wata mata tana cewa, "Ki sayo mai kaurin, na jiya bai riƙe ba." Na ɗan jima kafin na gane tawa ce. Ɗayansu ma ya gaishe ni, "Sannu da zuwa, Mama," bakinsa cike da gyaɗa.

Yarinyar ta yi mini bayani tana kuka. Wanda ya haɗa na'urar ya bar ta yadda ta fito daga kwali, da shaidar tsaronta da lambar sirrinta, irin waɗanda duk mai irinta yake da su. Kullum da safe kwamfutar ofishin tana nuna jan gargaɗi cewa hanyar shiga na'urar ba amintacciya ba ce, ma'aikatan kuma an koya musu su danna su wuce. Wani direba ya gwada lambar a wayarsa, na'urar ta buɗe masa duk kiran da ta naɗa.

Na shiga wurin manajan. Na ce, "Alhaji, ni yaƙi da jahilci kawai na yi, amma in na ga ja nakan tsaya."

Ya ce, "Hajiya, ai haka take zuwa. Ki yi haƙuri, yara ne."

Mai gyaɗar nan yana da furfura a gemu.

An ce daga baya sun canza lambar. Ban sake kiran wayar ba. In magana ta taso yanzu, nakan jira yarinyar ta taso daga aiki, in rufe ƙofar ɗaki tukuna. Hanyar ofishin kuwa, ko mai Keke ya ce ta fi kusa, nakan ce ya zagaya.