Sikelin Bai Trifon

Tun da masaƙar garinmu Gabrovo ta sallami dattijon da muke kira Bai Trifon, sai ya ɗauko sikelin banɗakin marigayiya matarsa ya dasa a bakin tasha, kusa da teburina na sayar da albasa da 'ya'yan sunflawa da ake ɓarewa a ci kamar gyaɗa. Ka hau ka biya, sharhi kuwa kyauta ne. A iliminsa, duk matashin da ya rame ƙwaya yake sha, wanda ya yi ƙiba kuma ya daina. Yara da yawa sun sha mari a gida saboda wannan likitanci nasa.

Sai ga jikansa Zlatko, maraya ɗan shekara sha bakwai da ke hannunsa, ya fara zubewa kamar an zare masa iska. Tsoho ya bincike aljihu, ya shinshina riguna, har ya samo kwalbar ƙwayoyi cikin takalmi. Ya dire ta a teburina, ya kira yaron.

"Ɗan banza, a gidana? Wa ke sayar maka?"

"Kaka, maganin rage ƙiba ne. A makaranta buhun dankali suke ce min."

"To wace yarinya ce ta ce ka yi mata nauyi? Faɗi sunanta, in je in ga ƙafafun uwarta."

Zlatko ya dubi ƙasa. Ba shi da kowa sai wannan tsohon, ba shi da wani ɗakin kwana sai nasa.

"Ba yarinya ba ce, Kaka. Momchil ne."

"Ɗan mai gyaran taya? Mai kunnuwan nan?"

Daga nan tsoho ya naɗe tabarmarsa ya wuce. Tausayin yaron ya hana ni ciniki ranar.

Washegari Bai Trifon ya dawo tasha yana shela cewa jikansa ɗan ƙwaya ne, amma ya shiryu. Mata suka yi ta yi masa barka. Na ja shi gefe na ce, "Haba Bai Trifon, ƙarya da furfura?"

Ya ce, "Garin nan yana yafe ƙwaya, ɗayan kuwa ba ya yafewa. Miƙo min albasa biyu. Yau mu uku ne a kan tukunyar wake, kuma mai kunnuwan nan ci gare shi."