Yaya Binta da Taswirar Burtali

Shekara goma ke nan da rasuwar Yaya Binta, kuma har yau a unguwar Adjamé akwai masu cewa ta ɓata rayuwarta a banza. Ni ƙaninta ne, dillalin shanu kamar mahaifinmu, kuma ban yarda ba.

Ita kaɗai ta yi jami'a a gidanmu na layin Saint-Michel. Aikinta duba hotunan da tauraron ɗan'adam ke ɗauka daga sama. Takan jera na da da na yanzu, ta fitar da taswirar inda daji ya koma gona, da inda gona ta koma fako, can arewa inda shanunmu ke fitowa.

Ofishin da take wa aiki ya so rahoton da zai ce makiyaya ne suka kashe ƙasar, don a rufe burtali. Hotunan ba haka suka nuna ba. Gonakin auduga ne suka hau hanyoyin shanu, dabbobi suka cunkushe a ɗan abin da ya rage. Shugabanta ya ce ta gyara. Ta ce, "Abin da ke ƙasa na nuna, ba ni na shuka shi ba." Suka sallame ta.

Baba ya ce, "Binta, mu baƙi ne a ƙasar nan, ki bi a hankali."

Ta ce, "Baba, nan aka yanke cibiyata. Baƙuwar wa?"

Ta kama ɗaki a unguwar Treichville, kusa da tashar mota ta Gare de Bassam, ta ci gaba da aikin da tsohuwar kwamfutarta. Bayan sallar Juma'a takan shimfiɗa taswira gaban dillalai, tana bayani da Hausa da Julanci. Da fari dariya suka yi. Sai wani dattijo ya gane tafkin da ya shayar da garke yana saurayi, ya ga gonaki sun zagaye shi. Dillalan nan suka kai taswirar zaman sulhu da manoma, burtali ɗaya ya tsira.

Hatsarin mota ya ɗauke ta a hanyar zuwa duba burtalin, don ba ta amincewa da hoto sai ta taka ƙasar.

Da tana nan bana, lokacin da rikici ya rufe kasuwa ana tare mutane ana tambayar asalinsu, na san ba za ta sunkuyar da kai ba. Da ta ga yara a siber, shagon intanet, suna buɗe irin hotunan nan kyauta suna neman rufin gidansu, da ta ja kujera ta nuna musu abin da ya fi rufi.

Ba ta bar gida ko mota ba. Wurare da yawa da ta yi gargaɗi a kansu an cinye su. Amma burtalin yana buɗe, shanun da na sauke kwanan nan ta nan suka bi. 'Yata kuma ta zaɓi karatun taswira. Dangi sun ce in hana. Ni na raka ta ƙofar jami'a.

Allah Ya jiƙan Yaya.