Yadda aka hau da ni bene da ƙafa a naɗe

Salamu alaikum 'yan uwana na gida da na nan Jidda. Ni ce Hajiya Dije ta rubaɗi. Kun daɗe kuna aiko da murya ban amsa ba, ku yafe ni. Samira 'yar ƙanwata ke rubutawa, ni ina faɗa.

Abin daga ɗan yatsan ƙafa ya fara. Takalmi ya goge ni, ban ma ji ba, da yake suga ta kashe min ƙafar tuntuni. Sai da wari ya fito, zazzaɓi ya kwantar da ni.

A asibiti kullum a soki yatsana, a ɗibi jini, a rataya ruwa. Likita ya ce, "Hajiya, yatsan zai tafi don ƙafar ta zauna." Na ce to. Aka cire. Kuɗin, Samira da mijinta suka ɗauka, har yau sun ƙi gaya min nawa.

Da za a sallame ni suka tambayi inda nake zaune. Aka ce gidan tsofaffi. Likita ya ce madalla, ai can akwai masu kula.

Babu wanda ya buga waya ya tambaya.

Ku da kuke gida ba ku san rubaɗi ba. Gidan wakafi ne, an ba tsofaffin mata ɗaki-ɗaki saboda Allah. Babu nas, babu kowa. Kowace ta dafa nata, ta wanke nata. Dokar kuma ita ce, in kin kasa yi wa kanki, danginki su ɗauke ki, a ba wata ɗakin. Ni dangina Samira ce, ita kuwa ɗaki ɗaya gare su a Aziziyya, da miji da yara.

Samira na wajen aiki aka sako ni a motar asibiti. Ɗakina a can saman bene yake. Maza biyu suka ɗauke ni a kujera suna haki, suka dire ni a gado, suka ajiye ledar magani, suka ce halas, suka sauka.

Ina jin ƙarar motar tana tafiya na gane ba ni da hanyar sauka.

Banɗaki ma da rarrafe nake zuwa. Na ce wa mata kada wadda ta gaya wa wakilin gidan. Samira ma in ta kira sai in ce ana kula da ni.

Hajiya Kaltume, Bahausar Sudan ce, a ƙasa ɗakinta yake, gwiwoyinta duk sun lalace. Ita ke hawowa da abinci. Da ta ga ƙafar ta kumbura sai ta ce, "Dije, wannan gashi take so. Likitocin nan ba su san gashi ba." Ta dafa ruwa, ta tsoma tsumma tana dannawa, yadda iyayenmu ke yi.

"Da zafi?"

"Ban ji komai ba."

"To bai yi ba ke nan, bari in ƙara wuta."

Wallahi da zuciya ɗaya ta yi. Babu wanda ya gaya mana ƙafar mai suga ba ta san wuta ba.

Ran Juma'a Samira ta zo, ta ɗaga zane, ta ƙwalla ƙara. Fata duk ta saɓule. "Ya Khala! Haram alaiki, me ya sa kika ɓoye?" Na riƙe hannunta ina roƙo, na ce in aka fitar da ni ɗakin ya tafi. Ta ce, "Ɗaki ko ƙafa? Yalla!"

Aka sake sauko da ni a kujera, wakili na tsaye yana kallo.

Zaman nan na biyu shi ne wahalar. Ƙunar ta fara warkewa, amma asibiti suka ce ba za su sake ni ba sai inda za a riƙa wanke ciwon. Wakili ya ce ba zai karɓe ni ba sai ina hawa bene da ƙafata, ga wata ma tana jiran ɗakin. Ina kwance ina kallon rufi, sanyin na'ura na cin ƙashina. Maƙwabtan gado su zo, su warke, su tafi. Ni ba a riƙe ni don ciwo ba, wurin kai ni ne babu.

Sai wata ma'aikaciyar asibitin, mai lura da marasa galihu, ta ce bari ta je ta ga gidan da idonta. Ta dawo tana cewa, "Wa ya hau da ke can?" Ita ta shirya nas mai zuwa gida. Saura bene.

Kaltume ce ta je ta sami wakili da sandarta. Ta ce, "Ni na ƙona ƙafar, ni zan hau benen. A ba ta ɗakina." Ya ce gwiwarki fa? Ta ce, "Gwiwar taka ce?"

Yanzu ina ƙasa. Ciwon ya rufe, ina takawa da ƙarfen dogarawa zuwa bakin ƙofa, ban wuce nan ba tukuna. Alhamdulillahi. Allah ya saka wa Samira da mijinta da baiwar Allahn nan ta asibiti.

Shawarata, kada ku bari a sallami tsohonku babu naku a wurin. Ku faɗa musu gaskiyar gidan: akwai bene, babu nas, babu mai karanta takardar magani. Ku sa su nuna muku wankin ciwon da hannunsu. Mai suga kuma kada ruwan zafi ya taɓa ƙafarsa.

Kullum ina jin Kaltume tana hawa, ta taka ta huta, ta taka ta huta, tana zagin benen. In za ku yi min addu'a, ku fara da gwiwoyinta.