Malam Abdulbaƙi, Mai Sallama Kafin Ya Hau Rufi

Da hantsi za ka ga Malam Abdulbaƙi ya fito daga unguwar Takur a kan tsohon babur ɗinsa, tsani ɗaure a gefe, sifana a aljihu. Sana'arsa saita dish, farantin nan da ke kamo tashoshi daga tauraron ɗan Adam. Bana gwiwa ta ce ya isa haka, zai jingine tsani.

Duk Dutse an san shi da taurin kai guda: ba ya hawa rufi sai an aika maƙwabta cewa namiji zai hau sama, mata su kintsa. Masu gaggawa sun sha yi masa tsiya, shi kuwa ko a jikinsa.

Wani ƙauye kusa da Jahun shaida ne. Ranar da za a nuno Zaituna, jikar Modibbo mai makarantar allo, tana karatu a musabaƙar Alƙur'ani, iskar farkon damina ta jefo dish ɗinsu ƙasa. Tsufa ya hana Modibbo tafiya, kuma ya ƙwallafa rai sai ya ga yarinyar nan. Aka kira Malam Abdulbaƙi, ya aika maƙwabta, aka ce a dakata, maijego za ta yi wanka a tsakar gida. Ga lokaci yana tafiya.

"Malam, hau kawai ka runtse ido," in ji wani magidanci.

"Da ido nake aikin," ya ce. "Ku ƙaro min wayar dish, ku kawo turmi."

Ya kai farantin fili bayan masallaci, inda darbejiya ba ta tare sama. Ya ɗora shi a kan turmi, ya durƙusa yana juyawa a hankali, har aka ce daga zaure, "Tsaya nan, ya kawo." Babu abin ɗaurewa, sai ya rungume shi cikin rana, bai motsa ba har Zaituna ta kai aya ta ƙarshe. Modibbo ya ga jikarsa, ya yi ta share hawaye.

Malam Abdulbaƙi, kai ne ka haɗa mu da duniya ba tare da ka leƙa gidan kowa ba. Mun gode, Allah ya ba gwiwar nan lafiya. Masu tasowa, ku gaji tsaninsa, ku haɗa da sallamarsa. Ranar nan duk ƙauyen sun ga Zaituna, shi kaɗai ne muryarta kawai ya ji, daga bayan bango.